Gwamnan Da Ya Yi Mulki Babu Kwamishina: Tarihin Balarabe Musa Da Darasinsa Gare Mu



Kwanakin baya muna cikin darasin tarbiyyar ɗan ƙasa tare da ɗaliban da muke horarwa don su zama malaman firamare, sai wani daga cikinsu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ga maƙwabtanmu na Kebbi da Sakkwato nan, su ke zaɓen gwamnansu da hannunsu. Mu kuwa a jihar Doso sai dai mu ji a rediyo an naɗo mana. Da mu ma ƙuri'a muke jefawa, ai da mun zaɓi mai gaskiya mun huta." Rabin ajin suka goyi bayansa. Wata ɗaliba daga kujerun baya ta ce ita ba ta yarda ba. A ganinta mai gaskiya ba ya cin zaɓe, in ma ya ci ba za a bar shi ya yi aiki ba.

Na ce su dakata, akwai mutumin da tarihinsa ya taɓa maganar kowannensu. Lokacin darasi ya ƙare ban gama ba, shi ya sa na zauna in rubuta shi a nan, don su da kuma iyayen da ke yi mini irin wannan tambaya idan na je gida Gesheme hutu. Mutumin shi ne Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, zaɓaɓɓen gwamna na farko a tsohuwar jihar Kaduna.

Wani zai ce, me ya haɗa Ba'are na Nijar da gwamnan Kaduna? Ai mu Arawa iyaka ta tsakiyar gidanmu ta ratsa. Da Faransa da Ingila suka shata iyakarsu a farkon ƙarni na 20, Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri suka faɗo wannan ɓangare, Kangiwa ta faɗa wancan. Zaɓaɓɓen gwamna na farko a tsohuwar jihar Sakkwato ma, Alhaji Shehu Kangiwa, daga can gefen namu ya fito, kuma shekara ɗaya suka hau mulki da Balarabe. Ban da wannan, rediyon mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a tashar Kaduna take kwana take tashi. Ya yi cin rani a ƙasar Zazzau a waɗancan shekaru, ya dawo da sunan Balarabe a bakinsa. Ni ban yi wayo ba a lokacin. Daga wurinsa na fara ji, sai da na girma na bi sawun labarin da kaina.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Balarabe Musa ranar 21 ga Agusta 1936 a garin Kaya da ke ƙasar Zazzau, cikin ƙaramar hukumar Giwa ta yanzu. Ya yi makarantar Midil ta Zariya daga 1947 zuwa 1952, sannan ya yi shekara guda a makarantar horar da ma'aikata da ke Kongo. Ya fara aiki yana akawu a 1953. Daga 1955 zuwa 1960 ya riƙe alli, ya yi aikin malanta kamar ni da ku. Bayan nan ya koma fannin lissafin kuɗi, ya ƙaro karatu a Landan, ya zama cikakken akanta, ya yi shekaru yana riƙe da manyan muƙamai na kula da kuɗi, har da kamfanin watsa labarai na Arewacin Najeriya, mai gidan Rediyon Kaduna.

Tun yana ɗan shekara 17, a 1953, ya shiga jam'iyyar NEPU. Ya kamata matasanmu su san nauyin wannan mataki a wancan zamani. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma ba da daɗewa ba Malam Aminu Kano, wanda ya ajiye aikinsa a kwalejin horar da malamai ta Maru, ya zama jagoranta. Bukatarta ita ce a gyara mulkin En'e, a daina aikin tilas, a daina zaluntar talaka wajen karɓar haraji, a ba shi baki a cikin sha'anin mulkinsa. Iko kuwa yana hannun jam'iyyar NPC da sarakuna da hakimai, kotun alƙali da gidan yari da 'yan doka duk na En'e ne. Ɗan NEPU ya san ɗauri da bulala da kora daga aiki suna jiransa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya kaɗai ta sha ɗauri sau da yawa. Saurayin da ya fara cin albashi ya ɗauki katin wannan jam'iyya ya san ba hanyar ƙarin girma ya kama ba.

Kalmar "sawaba" da 'yan NEPU ke kirari da ita ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce sunan jam'iyyar Djibo Bakary, shi ma tsohon malamin makaranta, wanda ya nemi 'yan Nijar su ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, ya sha kaye, aka haramta jam'iyyarsa a 1959. Kukan talaka a gefe biyu na iyaka iri ɗaya ne, kuma malaman makaranta ne suka fi ɗaukarsa.

Sana'o'in nan biyu na Balarabe suna da muhimmanci ga fahimtar abin da ya biyo baya. Malami ya san ɗan talaka, ya san wanda ya zo aji da yunwa, ya san wanda aka cire daga makaranta don uban ya rasa abin biyan haraji. Akanta kuwa ya san inda kuɗin hukuma ke shiga da inda suke zurarewa. Ɗan siyasar da ya haɗa waɗannan biyu yana da wuyar ruɗi, yana kuma da wuyar sha'ani ga masu son a raba a rufe.

Zaɓen 1979

Juyin mulkin Janairu 1966 ya rushe jam'iyyu, sojoji suka yi shekara 13 suna mulki. A Satumba 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗage takunkumin siyasa, aka yi wa jam'iyyu biyar rajista: NPN ta Alhaji Shehu Shagari, UPN ta Cif Awolowo, NPP ta Dokta Azikiwe, GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, da PRP ta Malam Aminu Kano mai alamar mabuɗi, wadda ta gaji NEPU. PRP ta tsayar da Balarabe Musa takarar gwamnan Kaduna. A tuna fa, Kaduna ta lokacin ta haɗa da Katsina da Daura da Funtuwa, don sai a Satumba 1987 aka fitar da jihar Katsina. NPN ta tsayar da Alhaji Lawal Kaita, mutumin Katsina.

Sabon tsarin mulkin 1979 daga Amurka aka kwaikwayo shi. Jama'a su zaɓi gwamna da ƙuri'a ɗaya, su zaɓi 'yan majalisar dokoki da wata ƙuri'ar daban. Gwamna ke zartarwa, amma majalisa ce ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke tantance kwamishinoni, kuma in ta haɗa kashi biyu cikin uku na 'ya'yanta tana iya tsige gwamna. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin duka ya rataya.

An yi zaɓukan mako bayan mako. Ranar 21 ga Yuli 1979 aka zaɓi majalisun jihohi. A Kaduna mai kujeru 99, NPN ta kwashe fiye da 60, PRP ba ta kai 20 ba, sauran jam'iyyu uku suka raba ragowar. Kowa ya ɗauka an gama. Mako guda bayan haka, ranar 28 ga Yuli, aka yi zaɓen gwamna, sai ga Balarabe Musa ya kayar da ɗan takarar NPN. Kaduna kuwa ita ce tsohuwar hedkwatar Arewacin Najeriya, cibiyar manyan da suka gaji NPC, don haka kayen ya yi musu ciwo fiye da na ko'ina. A cikin jihohi 19, NPN ta sami gwamnoni 7, UPN 5, NPP 3, GNPP 2, PRP kuma 2: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Balarabe a Kaduna.

Yaya aka yi mutanen da suka ba NPN majalisa suka hana ta gwamna? A zaɓen majalisa kowace mazaɓa gashin kanta take ci, ƙuri'un 'yan adawa suka warwatsu tsakanin jam'iyyu huɗu, NPN ta riƙa shiga ta tsakiya. A zaɓen gwamna kuwa jihar duka mazaɓa ɗaya ce, magoya bayan sauran jam'iyyun, musamman a kudancin Zariya, suka taru a bayan wanda suke ganin zai iya tare NPN. Balarabe ya sha rantsuwa ranar 1 ga Oktoba 1979 yana da shekara 43, da goyon bayan jama'a a waje da majalisar da ba tasa ba a ciki.

Wata ashirin a kan mulki

Aikin farko da gwamnonin PRP biyu suka yi shi ne soke haraji da jangali. Haraji kuɗin kai ne da kowane baligi namiji ke biya a shekara, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Jangali kuwa kuɗin kan shanu ne da ake karɓa wurin makiyaya. Turawan mulkin mallaka sun tsara su ta hannun En'e: mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali. Abin da ya fi ƙona wa talaka rai shi ne yadda ake karɓa. Wanda ya kasa biya akan shanya shi a rana, ko a ɗaure shi, ko ya sayar da hatsin da zai ci da iyalinsa tun kaka a kan araha. A hanya kuma akan yi ƙari a kan abin da hukuma ta yanka. Soke harajin ya cire wa talaka kaya, ya kuma cire wa masu sarauta wata babbar igiyar da suke riƙe da jama'a. Shi ya sa murna ta yi yawa a ƙauye, fushi kuma ya yi yawa a wasu zauruka.

Dattawanmu sun san wannan ciwo da sunan lanho. Kakata takan ba mu labarin yadda maza ke tsallaka iyaka idan lokacin karɓa ya zo babu ko dala a gida. A Nijar gwamnatin Seyni Kunce ce ta soke lanhon kai a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa. Bambancin shi ne mu kyauta ce ta sauko daga sama, su kuwa alkawarin yaƙin neman zaɓe ne aka cika. Mahaifina ya ce a ƙauyen da ya sauka wani tsoho ya ƙi yarda da labarin, ya ajiye kuɗin harajinsa a ƙulle har damina ta faɗi, yana jiran a zo a ce wasa ake yi.

Abu na biyu shi ne ƙasar noma. Balarabe ya kafa hukumar binciken filaye don ta saurari koken manoman da aka ƙwace wa gonaki. Batun ba ƙarami ba ne a wancan lokaci. A Afrilu 1980, a Bakolori kusa da Talatar Mafara cikin tsohuwar jihar Sakkwato, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakin da aikin madatsar ruwa ya cinye, aka yi asarar rayuka masu yawa. Gwamnan da ya ce zai buɗe littafin filaye ya san zai taka sawun manya.

Daga nan muka zo kan kwamishinoni. Balarabe ya aika wa majalisa sunayen waɗanda yake so ya naɗa, babu ɗan NPN ko ɗaya a ciki. Majalisa ta yi watsi da su. Ya sake aikawa, ta sake mayarwa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Matsayin masu rinjaye shi ne su ma jama'a ce ta zaɓe su, ba za a yi gwamnati a bayan idonsu ba. Matsayin gwamna shi ne an zaɓe shi a kan manufar PRP, ba zai ɗora waɗanda suka yi yaƙi da manufar su aiwatar da ita ba. Kowa ya kafe. Haka Balarabe ya yi mulkinsa daga farko har ƙarshe babu kwamishina ko ɗaya, yana aiki da manyan sakatarori da mashawarta. Cikin na kusa da shi akwai Dokta Yusufu Bala Usman, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, ɗan gidan sarautar Katsina da ya zaɓi ɓangaren talakawa, wanda ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin jihar.

Ana cikin wannan sai gida ya tsage. Gwamnonin UPN da GNPP da PRP, su tara, suka riƙa yin taro a kai a kai don fuskantar gwamnatin tarayya ta NPN. Shugabannin PRP a ƙarƙashin Malam Aminu Kano suka umarci gwamnoninsu biyu su daina halarta, suka ƙi. A 1980 jam'iyyar ta rabu biyu: 'yan Taɓo suka tsaya tare da Malam, 'yan Santsi suka bi Rimi da Balarabe, da tsohon shugaban ƙwadago Michael Imoudu a matsayin jagora. Balarabe ya wayi gari yana fama da majalisa, yana fama da gwamnatin tarayya, yana fama da masu sarauta, ga shi kuma ya raba gari da uban gidansa na siyasa.

A 1981 majalisa ta tattara zarge-zarge na saɓa wa tsarin mulki da wuce iyakar ikonsa, aka kafa kwamitin bincike, aka sami adadin da doka ke bukata. Ranar 23 ga Yuni 1981 aka tsige shi, ya zama gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a tarihin Najeriya. Shi da magoya bayansa sun ce siyasa ce tsagwaronta aka yi wa rigar doka. Ya je kotu, kotu ta ce tsarin mulki ya hana ta sa baki a sha'anin tsigewa. Cikin shekara huɗu da aka zaɓe shi ya yi, wata ashirin da 'yan kwanaki ya samu. Mataimakinsa, Alhaji Abba Musa Rimi, ya hau kujerar.

Kwana 17 bayan haka, ranar 10 ga Yuli 1981, tarzoma ta ɓarke a Kano saboda takardar tuhuma da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero. Aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. A zaɓen shekarar NPN ta karɓi Kaduna, Lawal Kaita ya zama gwamna a Oktoba. Wata uku kacal ya yi. Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kifar da jamhuriyar baki ɗaya, da mai tsigewa da wanda ya gaji kujerar duk suka koma gida, wasu ma gidan yari.

Wa ke da laifi?

Na daɗe ina juya wannan tambaya, kuma ga inda na tsaya. Masu rinjaye a majalisar Kaduna sun yi amfani da iko ta hanyar da ba don ita aka ba su ba. An tanadi tsigewa ne don shugaban da ya aikata babban laifi. A Amurka inda aka aro tsarin, sau da yawa shugaban ƙasa na wata jam'iyya ne majalisa na wata, a yi ta ja-in-ja, amma har yau majalisar dattawa ba ta taɓa cire shugaba daga kujerarsa ba. Wanda ya ga gwamna bai yi masa ba, zaɓe na gaba yake jira. Hana zaɓaɓɓen gwamna kwamishinoni har ya bar mulki hukunta jama'ar da ta zaɓe shi ne.

Amma ba zan ɓoye wa ɗalibaina ɗaya gefen ba don ina ƙaunar mutumin. Balarabe akanta ne, ya fi kowa sanin cewa wanda bai da kashi ɗaya cikin uku na majalisa ba shi da katangar da za ta tsare shi. 'Yan majalisar nan su ma ba daga sama suka faɗo ba, talakawan da suka zaɓe shi su suka zaɓe su. Akwai bambanci tsakanin sayar da manufa da yin sulhu a kan muƙami. Da ya ba da kujera biyu ko uku ya tsira da shekara huɗu, wataƙila da binciken filaye ya kai inda ake so. Wataƙila kuma da waɗanda ya shigo da su sun kashe aikin daga ciki, kamar yadda shi ya yi tsoro. Abin da na tabbata shi ne ya buɗe fagen fama huɗu a lokaci guda, kuma manomin da ke jiran a mayar masa da gonarsa shi ya fi kowa asara ranar da aka tsige gwamnan.

Kada mu ɗauka wannan ciwon maƙwabta ne kawai. Ina kwaleji lokacin da irinsa ya same mu. A zaɓen Janairu 1995 'yan adawa suka sami kujeru 43 cikin 83 na majalisar dokokin Nijar. Shugaba Mahamane Usman ya naɗa firaministan da bai yi musu ba, suka kayar da shi nan take, dole ya naɗa Hama Amadu, Mahamadu Isufu kuma ya zama shugaban majalisa. Shekara guda aka yi shugaban ƙasa da firaminista suna jayayya a kan wa ke da ikon naɗa wa, wa zai tsara ajandar taron ministoci, har taron ma ya riƙa gagara. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara, ɗan ƙasarmu ta Arewa, ya kifar da su duka. Shi ma aka kashe shi ranar 9 ga Afrilu 1999, aka kawo shi Dumega aka binne, nan kusa da mu. A Kaduna da Yamai duka, zaɓaɓɓu biyu ne suka kasa zama a inuwa ɗaya, kowa na cewa shi jama'a ta aiko, ƙarshe wanda babu wanda ya aiko shi ya karɓe.

Balarabe bai sake riƙe muƙamin gwamnati ba. Da sojoji suka gurfanar da tsofaffin gwamnoni bayan 1983 suka yanke wa da dama daga cikinsu shekaru masu yawa a kan dukiyar jama'a, ba ya cikin waɗanda aka yanke wa hukunci. Ya koma gonarsa da siyasar adawa. Da aka dawo mulkin farar hula ya farfaɗo da PRP, ya jagoranci gamayyar jam'iyyun adawa ta CNPP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2003, bai sami ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙuri'u ba. Ya sauka daga shugabancin jam'iyyar a 2018 saboda tsufa da rashin lafiya, ya rasu a Kaduna ranar 11 ga Nuwamba 2020 yana da shekara 84. Har waɗanda suka yi gāba da shi sun shaide shi da tsabtar hannu.

Abin da ya rage gare mu

Ga amsata ga ɗaliban nan biyu. Ke da kika ce mai gaskiya ba ya cin zaɓe, ga wanda ya ci, a cibiyar abokan hamayyarsa, ba da kuɗi ba, ba da sarauta ba. Cikin wata ashirin kuma ya sauke wa talaka kayan da ya ɗauka tun zamanin Turawa. Kai kuma da ka ce da mun zaɓi mai gaskiya mun huta, mutanen Kaduna sun zaɓa, ba su huta ba, domin mako guda kafin nan sun riga sun cika majalisa da waɗanda za su ɗaure masa hannu. Idon mai zaɓe kan tsaya a kan babbar kujera, ya manta da ƙananan da ke riƙe da ƙafafunta.

Gaskiya ne a Nijar ba mu taɓa zaɓen gwamna ba. Ko a shekarun da muka zaɓi majalisun jihohi, daga 2011, gwamna daga Yamai ake naɗo shi. Amma akwai zaɓen da ke hannunmu yau, kuma muna wasa da shi. Kowace makarantar firamare tana da kwamitin gudanarwa, COGES, wanda iyaye ke zaɓa. Nawa ne daga cikinmu ke zuwa ranar zaɓen? Sau nawa muke barin a ce wane dattijo ne, a ba shi kawai? Wa ke tambaya a karanta lissafin kuɗin da aka tara na rumfunan aji da alli a gaban kowa? Na ga makarantar da darakta mai gaskiya ya kasa gina aji ɗaya a shekara biyu don shi da shugaban kwamiti ba sa ga maciji, kowa na jiran ɗaya ya ji kunya, yara kuwa suna zaune a ƙasa cikin rumfar kara. Rikicin Kaduna ne wannan, an rage masa tsawo.

Ga 'yan uwana malamai, shawarata uku ce. Idan za a zaɓi shugaban aji, a yi zaɓe na gaske da takarda a ɓoye, kada malami ya nuna da yatsa. Wanda ya faɗi a ba shi wani aiki a cikin ajin, don yara su saba da cewa faɗuwa zaɓe ba kora daga gari ba ce, wanda ya ci kuma ya saba aiki da wanda bai zaɓe shi ba. Sannan duk kuɗin da aji ya tara, ko dala biyar ce, a rubuta a allo, shiga da fita. Ga iyaye kuma, ku daina faɗa a gaban yara cewa duk ɗan siyasa ɓarawo ne. Yaron da ya tashi da wannan magana, in ya sami muƙami sata zai yi, don an riga an gaya masa haka ake yi. Ku ba shi labarin wanda ya hau kujerar gwamna ya sauka da hannu fari, ku kuma gaya masa inda mutumin ya yi tuntuɓe.

Na yi wa ɗalibaina alkawarin a darasi mai zuwa za mu raba ajin biyu, rabi su zama majalisar Kaduna ta 1980, rabi su zama gwamna da mashawartansa, in ga ko za su iya fitar da jerin kwamishinonin da kowa zai sa wa hannu kafin a buga ƙararrawa. In Allah Ya kai mu zan kawo muku yadda aka kwashe.

Allah Ya jiƙan Malam Balarabe Musa da sauran magabatanmu, Ya ba mu shugabanni masu gaskiya, Ya ba mu hankalin da za mu riƙe su.